Ɗori a Aliero

Wata uku ina lallashin manhajar nan
da aka ce ita ce uwar haɗa darussa.
Kuɗinta dala ne, duk ƙarshen wata,
dala kuwa ba ta san ana kukan tsadar taki ba.
Ta ba ni ɗakuna shiryayyu masu ƙyalli,
ta ce in zuba karatuna a ciki.
Na zuba, bai shiga ba,
kamar mai cusa albasar gona guda a kwalbar turare.
Ta yanke wa haruffana lanƙwasa,
ƙasa ta koma kasa,
ɓari ya koma bari.

Na gwada a wayar kawu Bagudu,
mai tsagaggen gilashi da ɗaurin kyauro.
Ɗan zoben ya yi ta juyi, ya yi ta juyi,
har datar ɗari biyar ta ƙone
ba mu ji ko sallama ba.
Ya ce, "Hansatu, wagga makaranta taki
ƙofarta ta hi ƙarhin talaka."

Daren nan na rufe ta.
Na buɗe farin shafi, fayau kamar fadama kafin dashe,
na ɗauko kayan aikin masu gina shafukan yanar gizo.
Babu ɗaki, sai tubali.
Na aza kanu, na ja layi,
na yi maɓalli ƙato, daidai babban yatsan
da kaftu ya farfasa.
Na matse hotuna har suka yi sauƙin ɗauka
kamar tallar yarinya mai komawa gida.
Inda rubutu zai gajiyar, na sa murya,
na naɗe ta cikin bargo, ƙarfe ɗayan dare,
bayan injin maƙwabta ya yi shiru.
A darasi na biyu akwai carar zakara.
Na bar shi, shi ma ɗan gari ne.

Ba zan ɓoye ba, na yi kewar waccan.
Tambayoyi ukun da take shiryawa kafin ƙiftawar ido
sun ci mini kwana huɗu.
Takardar shaida kuwa har yau ban yi ba.

Ranar wata Laraba shafin ya karye.
Hoton rumbu ya hau kan hoton ruɓa,
rubutu ya zube gefe kamar buhun da ya ɓarke a mota.
Na yi kuka kaɗan.
Sai na tuna kakana Magaji mai ɗori,
yadda yake rufe ido, ya bi ƙafa da yatsu
a hankali, yana jan mai ciwo da hira,
har ya ce, "Ga ta nan."
Na bi layi ɗari uku da tara haka.
Ga ta nan:
alama ɗaya da na buɗe ban rufe ba.
Na mayar da ita gurbinta, na ɗaure.
Wanda ya san ƙashin abinsa
ba ya jiran amsa daga ƙetaren teku.

Jiya a kasuwa, tsakanin tarin jar albasa,
na ji muryata tana fita daga aljihun wani baƙo,
mutumin Maiyama, da hula a karkace.
Darasi na huɗu ne:
a bar tazarar taƙi tsakanin kara da ƙasa
don iska ta samu hanya.
Ban ce masa ni ce ba.
Na tambaye shi ko abin yana da amfani.
Ya ce sai damina ta wuce zai sani,
in rumbunsa bai yi wari ba.
"Amma duk wadda ta yi shi," in ji shi,
"a gaya mata wurin komawa baya ya yi ƙanƙanta."

Na sayi ƙosan hamsin, na nufi gida.
Cajin kwamfutata saura kashi goma sha tara.
Zai isa.