Takalmin da Na Datse

Ƙarfe huɗu na asuba, a kan gadar Otowa,
sanyi ya cinye yatsuna har na manta nawa ne.
Mu goma sha biyu a jere,
kowa ya kafa kyamararsa a kan ƙafa uku,
ba mai cewa uffan,
sai numfashinmu da ke tashi kamar hayaƙin ɗanyen itace.

Can ƙasa, cikin kogin da ba ya daskarewa,
gauraki na barci a tsaye,
ƙafa ɗaya a ruwa, kai a cikin fiffike.

Shekara talatin ina raba wasiƙu a Kushiro.
Da na ajiye jaka, na kwashi kuɗin sallama
na sayi gilashin kyamara mai tsawon damtsena.
Fumiyo ta dube shi, ta dube ni,
ta ce, "Tsuntsaye? To, sun fi giya."

Safiya arba'in da ɗaya na kwashe a gadar nan.
Abin da na samu, shi sauran suka samu:
hazo, farin tsuntsu, jar rana,
hoto ɗaya a aljihu goma sha biyu.

A ta arba'in da biyu na makara.
Haushi ya sa na bi wata hanyar gona,
sai ga tsohuwa Hatsue Nakui a bayan garken shanunta,
bokiti a hannu, tana watsa masara a kan dusar ƙanƙara
kamar mai ba wa kajin gida.
Biyu suka sauko.
Suka rusuna wa juna, suka yi tsalle,
suka ɗaga baki sama suka yi kira,
tururin kiran ya tsaya a iska, rana ta huda shi.
Na danna.
Sau ɗaya tak, don yatsan ya ƙi na biyu.

A gida na ga abin da ya shigo ta kusurwar hagu:
koren takalmin roba mai baƙin faci,
da bakin bokiti.

Doka ta bakwai ta gasar yankinmu ba ta da kwana:
kada sawun ɗan Adam ya fito a hoto.
Kwana uku ina kallon takalmin, yana kallona.
A na huɗu na ja layi,
na datse.

Na zo na uku.
Takardar yabo, da buhun shinkafa.
Babban alƙali, Shibuki, ya tsaya gaban hoton a zauren gari,
ya ce, "Ku dubi daji yadda aka halicce shi,
kafin mu zo mu ɓata."
Aka tafa. Na sunkuya.
Ita da shan sanyi, ni da karɓar tafi.

Mahaifiyata ta sha gaya mini,
a wani hunturu tana budurwa
an ƙirga gauraki, ba su cika arba'in ba,
yunwa na kayar da su a bakin fadama.
Manoma ne suka buɗe rumbu.
Duk fiffiken da ya wuce ta kan gadar Otowa yau
ƙwayar masarar wani ce ta ɗaga shi.
Wannan na sani lokacin da nake jan layin.

Ran Lahadi na wanke hoton cikakke,
na ɗora buhun a bayan mota.
Hatsue ta goge hannu a riga, ta karɓa,
ta kai shi kusa da ido.
Ba ta kalli tsuntsayen ba.
Ta daɗe a kusurwar hagu,
sannan ta ce, "Ashe facin nan ya fara ɗagowa."

Ta jingina hoton a jikin garwar madara,
ta miƙo mini bokiti.
"Riƙe. Kafaɗata na ciwo.
Kada ka jefa da ƙarfi, suna tsorata."