Yatsu Uku

Tun kafin ladan ya gyara murya
ina tsugune gaban kwando a kasuwar Mile 12,
ina taɓa tumatirin da ya kwana uku a mota daga Kadawa.
Ido yana ƙarya, yatsa ba ya yi.
Wani ja ne jawur,
sai an latsa a ji ya ruɓe ta ciki.

Shekara shida ina wannan sana'a,
hannun nan bai taɓa tsayawa a ƙirjina ba
sai da soso da sabulu, a gurguje,
ana buga min ƙofar banɗaki,
mu goma sha huɗu ne a gidan hayar.

Goggo Tabawa ce ta koya min kwando.
Nata ciwon ta ɓoye shi ƙarƙashin zani biyu.
Ta ce sanyin Ikko ne.
Da ya girma ta ce daji ne, daji ba ya son allura.
Ta shafa man zafi, ta ɗaura ganye,
har wari ya tona abin da kunya ta rufe.
Muka kai ta makwancinta a Agege
ranar da ruwa ya shanye titi.

Akwai wata nas, Morenikeji,
mai sayen tattasai duk Talata,
Hausarta a karye, cinikinta a tsaye.
Ta kama hannuna ta juya shi, ta ce:
Ke Lantana, kin san cikin kwando ɗari,
jikinki fa?

Nan gefen buhun albasa ta nuna min.
Wata ɗaya, sau ɗaya,
in al'ada ta ɗauke da 'yan kwanaki.
Tsaya gaban madubi ki ɗaga hannu,
ki duba ko fata ta lotsa,
ko ta yi kamar ɓawon lemo,
ko kan nono ya shige ciki,
ko yana fitar da abin da ba ki saba gani ba.
Sai ki kwanta. Yatsu uku, da cikinsu,
ki zagaya sannu har hammata.
Kada ki jira zafi, in ji ta,
wani baƙon ba ya sallama.

Na yi dariya don kunya.
Na ƙara mata attarugu gyara.

Daren da na gwada an ɗauke wuta.
Janareton maƙwabta na ruri,
fitilar waya a kan taga,
madubina mai tsaga a tsakiya.
Dama, lafiya.
Hagu, can sama wajen hammata,
wani abu kamar ƙwayar gurjiya
yana gudu ƙarƙashin yatsa.

Ban yi barci ba.
Na ji muryar Goggo: bar shi, sanyi ne.
Da asuba na bar wa Saude kwanduna,
na shiga danfo zuwa Idi-Araba.
Awa biyu a cunkoso,
kwandasta na ihun canji,
ni ina ƙirga shekaruna, ashirin da uku.

An duba, an ɗauki hoto, an ce dawo.
Kwana tara na sayar da tumatir
ban san nawa na karɓa ba.
Likita ta ce ba daji ba ne,
ƙulli ne irin wanda 'yan mata ke yawan yi,
za mu sa masa ido.
Ta ce ko da shi ne,
wanda aka kama da wuri yana jin magani.

Na fito na sayi ruwan leda,
na sha a tsaye, ina kuka, masu okada na kallona.

Jiya na rufe ƙofa,
na tsayar da Saude gaban madubin nan mai tsaga.
Ta rufe fuska, ta ce, Yaya, kunya!
Na ce, kunya ta ci mana mutum ɗaya, ya isa.
Ɗaga hannunki.