Agogon da Yaya Ya Aiko

Yaya Sha'aibu ne ya aiko shi daga Abuja,
da 'yar takarda: "Ki ɗaura, zai kula min da ke."
Na ɗaura.
Tun ranar nake yawo da ɗan rahoto a wuyan hannu.

Ya san takuna daga Naraguta zuwa Farin Gada,
dubu shida da ɗari biyu.
Ranar da kuɗin keke ya ƙare
ya ce madalla, na cika burin yini.
Bai san da yunwa na taka ba.

Da asuba ya kai ƙarata wurin waya:
barci awa uku da minti goma sha ɗaya.
Sauran daren yana shafi na tamanin
na littafin sinadarai,
inda ido ya yi ta zagaya layi guda
kamar akuya a turke.

Ranar jarrabawa ya girgiza sau biyu:
bugun zuciya ɗari da sha takwas,
alhali a zaune nake.
Wani fure shuɗi ya buɗe a fuskarsa,
ya kumbura, ya motse,
wai in ja numfashi tare da shi.
Na ja. Ba zan ci haƙƙinsa ba,
alƙalamin ya daina rawa.

Sai wata Laraba.
Sanyin Jos ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa,
na ja bargo har ka.
Taku arba'in da uku.
Ya ce in tashi in motsa,
na tura hannun ƙarƙashin matashi.
Manhaja ta ce, yaya kike ji yau?
Fuskoki biyar, daga mai dariya zuwa mai hawaye.
Na taɓa ta tsakiya don a ƙyale ni.
Aka ƙyale ni.

Nanret ce ta ƙi.
Ita ba agogo, gilashin wayarta ma a tsage.
Ta dubi kwanon da ban buɗe ba tun jiya,
ta dubi takalmana inda na bar su Litinin,
ta fita,
ta dawo da gwate mai zafi a kula.
Ta zare agogon,
ta sa yatsu biyu a gurbinsa.
"Yana bugawa," in ji ta. "To tashi ki ci."

Ita ta laluba manhajar
har wurin neman ganin mai ba da shawara,
wurin da yatsana ya tsallake ya fi sau goma.
Ta miƙo min. "Ke za ki danna."
Alhamis, ƙarfe goma.

Har yau ina ɗaura shi.
Jiya barci awa shida,
na tura wa Yaya hoton, ya turo babban yatsa.
Zuwa asibitin makaranta da dawowa, taku dubu huɗu,
ya ƙirga nawa daidai.
Na Nanret kuwa,
da ke gefena da silifas ɗinta mai ƙara,
ba wanda ya ƙirga.