Zafin da Aka Cire

Fijon babana ta girme ni da shekara uku.
Ya rasu ya bar mini ita, da bashin taki,
da Inna, wadda ƙafafunta
ba sa jin ɗumi ko a tsakiyar bazara.

Kowace Talata, kafin assalatu,
nakan ɗauke ta daga Aliero zuwa asibitin Birnin Kebbi.
Tana gaba, ta naɗe sawu da zane biyu,
ba ta magana, haƙoranta ke yi mata.
Abin haushin, kafin mu kai Jega
allurar zafi ta haye ja,
inji na tafasa kamar tukunyar gidan suna,
mu kuwa a ciki muna rawar ɗari.
Wuta a gidanmu, an hana mu garwashi.

Na kai ta garejin Arzika, bayan tasha.
Na ce, "Hita nake so ta tashi."
Ya ajiye sifana, ya dube ni sama da ƙasa.
"Shekara talatin da huɗu ina kwance ƙarƙashin mota,
duk wanda ya zo, cire mini zafi yake cewa.
Kai ne farkon mai roƙonsa."

Ya ɗaga bonet, ya bi tiyo da yatsa
yadda maɗori ke laluben karaya.
Ga su nan, guda biyu masu shiga ciki,
an yanke, an toshe da mataccen fulogi,
an shaƙe wuyansu da waya.
Ya yi dariya har ta zama tari.
"Ɗaurin nan nawa ne, ina yaron gareji.
Babanka ya sa na cire tamostat,
wai ƙasar nan Allah ya riga ya kunna mata hita."

Muka sauke lagireto.
Abin da ya amayar, na san rabinsa:
lakar gulbi, tsatsa mai kaurin kunun kanwa,
garin tabar da baba ke zubawa in ta yi yoyo,
har da ɗanyen ƙwai, in ji Arzika, ya rantse.
Sau bakwai muna ɗurawa muna zubarwa.
Robar murfi ta mutu.
Belin fanka ya saki kamar tazugen mai jinya.

Sai ya jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci,
cike da abin da mutane suka ce ba sa so.
Ya tono tamostat guda, ya goge da gefen riga,
ya jefa a tukunyar Labbo mai shayi
tun Labbo bai gama cewa a'a ba.
Mu uku muka haɗa kai a kan tururi.
Ruwa na ɓararraka,
ƙarfen ya yi gum kamar wanda aka ci bashinsa.
Can ya buɗe baki, kaɗan,
irin hammar jinjiri.
"Da ransa," in ji Arzika.
Labbo ya ce a biya shi ruwansa.

La'asar sakaliya muka gama.
Sabon tiyo, sabon murfi, aka bar iska ta fita
tana kumfa tana gyatsa.
Dubu tara na ba shi, da rabin buhun albasa.

Talata ta zo.
Allura ta hau, ta kai tsakiya, ta tsaya,
na yi ta kallonta ban yarda ba.
Na murɗa ɗan maɓallin da ban taɓa sanin amfaninsa ba.
Da fari ƙamshi ya fito:
turaren baba, da goro, da tsohon mai,
numfashin da ya kwana shekaru a cikin bututu.
Ɗumi ya biyo baya, a hankali, ta ƙasa.

Mun wuce Jega. Wajen Kalgo
Inna ta warware zane ɗaya, ta ninke a cinya.
Ta ce, "Wa ya hura wuta?"
Ban kai ga amsawa ba, barci ya ɗauke ta.

Na rage gudu.
Duk ramin da ke hanyar nan na san shi,
ranar na kewaye su ɗaya bayan ɗaya.