Jar Wayar Da Ba Ta Zuwa Ko'ina

Teburina taku uku ne, a Otigba, cikin Ikeja,
ƙarƙashin lemar da rana ta cinye wa launi.
Hagu Ebuka mai gilashin waya,
dama Iya Risika da kaskon ƙosanta,
ni a tsakiya, da ƙarfen dalma, da hantsaki,
ido ɗaya a rufe, ɗaya a cikin hanjin wayar wani.

A Agege nake kwana. Can wuta ba ta sallama.
Ta tafi kwana uku, ta dawo da tsakar dare
kamar mai bin bashi,
ta cinye caja, ta haɗa da wayar da ke jikinta.
Ta Tasi'u mai nama haka ta tafi,
da sunayen duk masu cin tsirensa sai-gobe.

Shi ya sa na zauna na harhaɗa wani ɗan abu
daga cikin mataccen rediyo,
na ba shi gwangwanin madara ya zama gidansa.
In wuta ta zo da fushi sai ya ce ƙas, ya rufe ƙofa,
ya jira ta huce.
Akwai wata jar waya a ciki, ta gwajin farko,
ba ta zuwa ko'ina.
Na ce gobe zan cire. Goben ba ta zo ba.

Na sayar da arba'in ko hamsin, ban ƙirga ba.
Wani mai farar riga ya sayi biyu, bai nemi ragi ba.
Da na san Legas yadda nake cika baki,
a nan ya kamata gabana ya faɗi.

Damina biyu. Sai ga shi ya fito daga Apapa cikin kwantena,
a kwali mai sheƙi, da sunan da bakina bai iya ba,
da wata doguwar lamba a gindinsa.
Ebuka ya karanta mini: wai an yi masa rajista,
wai duk wanda ya kwaikwaya, sai kotu.
Na ce, har ni?
Ya ce, da kai ma za a fara.

Lauya a Allen, hawa na huɗu, ofis kamar cikin firij.
Ta saurare ni, Allah Ya saka mata.
Ta ce ina zane, ina kwanan wata, wa ya sa hannu?
Na nuna mata tabon dalma a babban yatsana.
Ta ce alƙali ba ya karanta yatsa.
Ta faɗi kuɗin fara magana kawai,
na sauko ta matakala
don kada lif ma ya caje ni.

A danfo, cikin cunkoso, ina ta huci,
sai wata zuciyar ta ce: Sadisu, kai wa ka biya?
Wa ya ƙirƙiro rediyon da ka farke?
Oga Lateef da ya koya maka riƙon dalma shekara huɗu,
ka rubuta sunansa a gwangwani?
Ban amsa ba.
Kwandasta na ihu ba shi da canji.

Yanzu nasu ne ke zuwa teburina a mace,
ɗaya bayan ɗaya, roba ce marar ƙwari.
Ranar da na fara buɗe guda,
dariyata ta sa Iya Risika ta bar ƙosai ya ƙone.
Ga ta nan, jar wayata,
inji ya yanka ta, inji ya liƙa ta tsaf,
ba ta zuwa ko'ina.
Sun kwashe har da mantuwata.

Ba na cire ta.
In gyara, in rufe, in karɓi dubu ɗaya.
In mai kaya ya leƙo ya ce, wannan fa, meye aikinta?
Sai in ce bar ta, Oga,
sa hannun mai abin ne.