Kiwon da Ido Ba Ya Gani

A Bradford, bayan layin dogo,
akwai kangon wani gidan mai.
Shekara talatin tankinsa na yoyo a ɓoye,
ƙasa ta sha dizal har ta yi gyatsa.
In ka kafa shebur ka juya,
sai ka rantse garejin Fanteka ne ya biyo ka Ingila.

Nan na samu aiki, ni Tasalla,
takalmin roba, safar hannu, hular kwano.
Dokta Ackroyd ta ɗebi ƙasa a cokalin shayi,
ta ce, ga garkenki nan,
sun fi mutanen garin nan yawa,
kuma mai ne tuwonsu.

Dariya ta zo mini, na haɗiye.
Ashe da gaske abincin wani gubar wani ne.

Ba sa kuka, ba sa bin kowa.
Ba ka ƙirga su da yamma a bakin turke.
Buƙatarsu iska, ɗan taki, ɗan danshi.
Kullum ina kifa kunya, ina birkita ta,
ina duba bututun da ke hura musu numfashi.
Sanyin Janairu ya sa suka yi lamo,
lambobin takarda suka tsaya cik,
na lulluɓe su da leda baƙa
kamar mai jinyar da ba ta san fuskar majinyacinta ba.

Sai na tuna Inna da tukunyar kalwa.
Ta dafa, ta rufe, ta ce kar wanda ya buɗe,
kwana uku wari ya zama daddawa.
Ba ta taɓa tambayar wa ya yi aikin ba.
Da tana raye, da na ce mata, Inna,
ma'aikatanki suna da dangi a nan.

Tsoho Desmond na zuwa bakin waya da karensa.
Shi ya riƙe famfon nan tun yana saurayi.
Ya ce, na san lissafin tankin ba ya cika,
na ɗauka yaron dare ne ke sata,
na kore shi.
Ya yi shiru. Karen ya shinshina ƙasa, ya kau da kai.

Ban ce masa komai ba.
Akwai tabon da garkena ba ya ci.

Wata goma sha huɗu.
Ran wata Talata, ana yayyafi,
na ɗaga shebur, sai ga tana,
ja, siririya, tana murɗa jiki cikin laka.
Na kai hanci: ƙamshin ƙasa ne, na farkon damina.

Na kira Desmond, na miƙa masa ta kan waya.
Ya cire safa, ya karɓa a tafin hannu,
ya daɗe yana kallo,
sannan ya ce in mayar da ita inda na same ta.