Uwar Garke a Ƙarƙashin Tebur

Dubu arba'in na ba Wasi'u a Ikeja.
Ya cusa ta a buhun shinkafa, ya ce,
"Tsohuwa ce, amma ba ta tari."
Na rungumo ta a danfo har Mil Sha Biyu
kamar mai dawowa da tunkiya daga kara.

Na ce mata, daga yau ke ce uwar garke.
Kwandon tumatir, buhun albasa, solon tattasai,
duk wanda ya buɗe shafinmu daga Funtuwa ko Gashuwa
ke za ki faɗa masa farashi.
Ba ta ce uffan ba,
koren idonta kawai ta buɗe.

Wata guda tana yi.
Mutum tara yau, gobe sha uku,
tana amsa kowa ba gajiya,
har Alhaji Tanimu ya daina kirana ɗan wasa da waya.

Sai Legas ta fara gwada ta.
Nefa ta ɗauke wuta ana la'asar,
kafin in ja igiyar janareta
Funtuwa ta ƙwanƙwasa, ba kowa a gida.
Zafin rumfa ya shige ta,
fankarta na kuka kamar jinjiri mai haƙori.
Iskar teku ta lashe mata ƙusoshi da tsatsa,
kyankyaso ya tare a cikinta da iyalinsa.

Ranar da gada ta karye a hanyar Jaba,
motoci suka tsaya, kwando ya ninka kuɗi,
mutum dubu biyu suka zo ƙofa ɗaya.
Ta amsa na farko, ta amsa na ɗari,
ta yi nishi,
ta rufe ido.

Wasi'u ya taɓa bayanta, ya janye hannu.
"Akwai gidaje masu sanyi," in ji shi,
"inda injuna ke da zuciya biyu,
ɗaya ta tsaya, ɗaya ta ci gaba.
Haya ake kamawa. Taka an yi ta ne don mutum ɗaya
mai kashe ta ya tafi gida."

Na kama hayar. Ban taɓa ganin ɗakin ba.

Ita kuwa tana nan kusa da ƙafata,
tana riƙe min lissafin bashin 'yan kwando.
Ban ce ta gaza ba.
Amalanke na ɗora wa kayan tirela,
kuma sai da ta kai wata guda.

Bayan isha'i nakan kashe ta,
in lulluɓe ta da tsohon rawanina
saboda yoyon kwano.